Nasiha ga Ƙannena Masu Ɗaukar Hoto a Lokacin Hazo

 Duk shekara da zarar iskar hunturu ta kaɗa, sai in fara samun baƙi a shago, kowa riƙe da kyamara, kowa da kuka iri ɗaya: "Yaya, hotunana sun yi fari fat, kamar an shafa musu toka. Wace filta zan saya?" Wani ma ya riga ya saya, ya zo ne kawai in tabbatar masa bai yi asara ba. Sau da yawa kuwa ya yi. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta muku abin da na sani, domin kuɗin da kuke tarawa da gumi kada ya tafi a kan gilashin da ba zai yi muku aikin da kuke nema ba.

Ni ma ta nan na biyo. Ina yaron shago, zamanin da muke aiki da fim, na ga wata filta da aka rubuta a kwalinta cewa tana maganin hazo. Na tara kuɗin wata guda na saye ta. Da safe na hau Dutsen Dala, lokacin sanyi ya kankama, na ƙarar da fim ɗaya cur a kan birnin Kano. Da aka wanke, babu ganuwa, babu hasumiyar masallaci, Goron Dutse ma sai wata inuwa kamar ta mafarki. Raina ya ɓaci ƙwarai. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya karɓi hotunan ya duba, bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi, "Ɗana, wanda ya ƙera wannan gilashi bai yi ƙarya ba, sai dai hazonsa daban, naka daban." Na shekara da yawa kafin in gane zurfin wannan magana, kuma ita nake so in warware muku yau.

Mu da Hausa hazo muke cewa, mu haɗa abubuwa uku a baki ɗaya. Akwai wani shuɗi-shuɗi da ke lulluɓe duwatsu masu nisa ko da rana ta fito tangaran, irin wanda za ku gani in kun hangi dutsen Kufena daga nesa bayan an ɗauke ruwa. Akwai hazon ƙura, namu na hunturu. Akwai kuma hazon ruwa, wanda ke kwanciya da asuba a kan tsaunukan Jos da Mambila, ko a fadama da damina. Ido yana ganinsu kusan iri ɗaya, amma haske ba ya mu'amala da su iri ɗaya.

Na farkon, iskar ce da kanta ke haddasa shi. Ƙwayoyin iska ƙanana ne matuƙa, kuma in haske ya ratsa su, sun fi warwatsa shuɗi fiye da ja. Wani masani ɗan Ingila, Lord Rayleigh, shi ya bayyana haka a 1871, kuma dalilin ke nan da ya sa sama take shuɗiya. Tun da wannan hazo yana da launi, ana iya tace shi: ka tare shuɗin, ka bar sauran ya wuce. Amma idan abin da ke yawo a iska ya yi girma, kamar ƙwayar ƙura ko ɗigon ruwa, labari ya sauya. Wani Bajamushe, Gustav Mie, ya yi lissafin wannan a 1908. Manyan ƙwayoyi ba sa zaɓen launi sosai, duk abin da ya zo musu warwatsa shi suke, ja da kore da shuɗi baki ɗaya. Shi ya sa hazon hunturu yake fari ko ruwan toka. To, abin da ba shi da launi guda, da me za ka tace shi? In ka tare shi, ka tare hoton gaba ɗaya.

Ku san kuma daga ina wannan ƙura take zuwa, don ku girmama ta. Mafi yawanta daga wani kwari take tasowa a arewacin Chadi, ana ce masa Bodele. A can da, ƙarƙashin wani makeken tafki ne wanda Tafkin Chadi na yau ragowarsa ne. Da ruwan ya ƙafe, sai ya bar farin gari na ɓawon ƙananan halittun ruwa. Iska ta taso daga arewa maso gabas, ta matse tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta ƙara ƙarfi, ta kwashi garin nan ta watsa mana tun daga Nuwamba har zuwa Maris. Ƙurar da ke hana jirgi sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano, wadda ke sa direba kunna fitila da hantsi, ba gilashi mai kaurin farce ne zai kore ta ba. Duk wanda ya ce muku yana da filtar da ke share hazon hunturu, ko dai bai sani ba, ko kuwa aljihunku yake kallo.

Yanzu bari mu ɗauki filtocin da za ku tarar a kasuwa.

Wadda aka fi tallata muku ita ce UV, wani lokaci a rubuta mata sunan hazo a jiki, kamar yadda kamfanin Tiffen yake yi wa wasu nasa. A zamanin fim tana da ɗan amfani na gaskiya, domin fim yana ganin wani haske da ke bayan shuɗi wanda idon mutum ba ya gani, kuma wannan haske yana dusashe hoton nesa, musamman a kan tsauni ko bakin teku. Kyamarorinku na yanzu kuwa an riga an ɗora musu irin wannan matata a gaban sensa tun daga masana'anta. Kun ga ke nan in kun ƙara wata a waje, kun yi wa mai riga riga ne. Ku gwada da kanku: hoto ɗaya da ita, ɗaya babu ita, wuri ɗaya, lokaci ɗaya. Ba za ku ga bambanci a hazon ba.

Duk da haka ni ban fita da hunturu ba tare da ita ba, kuma ina so ku fahimci dalili. Garkuwa ce. A cikin ƙurarmu akwai yashi, yashi kuma ya fi gilashi tauri. Duk ranar da kuka goge fuskar lens da gefen riga alhali ƙura tana kai, kun yi mata zane ne da ba ya fita. Gara zanen ya sauka a kan filtar da za a kwance a jefar, da ya sauka a kan lens ɗin da kuka shekara kuna tara kuɗinsa. Sai dai a nan ma akwai tarko. Gilashin da ba a yi masa shafe ba yana mayar da kimanin kashi 4 cikin 100 na haske a kowace fuska, hasken nan kuma yana kai-komo tsakanin filta da lens, ya zama wani sabon hazo a cikin kyamarar kanta. Wato filta mai araha takan ƙara cutar da aka saye ta don magani. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Ku nemi mai shafe da yawa, irin na Hoya ko B+W ko Marumi, kuma ku sani jabu ta cika kasuwa. Gwajin ba wuya: ku riƙe ta ƙarƙashin ƙwan lantarki ku karkata. In hoton ƙwan ya fito da rauni, mai ɗan kore ko shuni, akwai shafe. In ya fito fari ƙal kamar a gilashin taga, ku mayar wa mai ita kayansa.

Filtar da ta cancanci ku daɗe kuna koyonta ita ce folaraiza, wadda ake rubuta wa CPL. Asalinta daga Amurka ne, inda wani matashi, Edwin Land, ya ƙirƙiro ledar da ake yin ta da ita a ƙarshen shekarun 1920, shi ne kuma ya kafa kamfanin Polaroid a 1937. Zobe biyu gare ta, ɗaya ya ɗauru a lens, ɗaya kuma kuna juya shi kuna kallo. Aikinta shi ne tare hasken da ya yi tsalle daga wani abu, ko daga iska, ko ruwa, ko ganye. A kan shuɗin hazon nan na farko tana aiki har ka yi mamaki: sama ta yi duhu, gajimare ya fito, dutse mai nisa ya matso. Amma tana da sharaɗi. Ƙarfinta yana cika ne idan rana tana gefenku, ba gabanku ba, ba bayanku ba. Ku nuna rana da ɗan ali, ku miƙe babban yatsa, ku juya wuyan hannu. Duk inda babban yatsan ya nuna, nan ne za ta yi aiki sosai.

A ranar da ƙura ta yi sauƙi, har ana iya ganin ɗan shuɗi a tsakiyar sama, folaraiza za ta taimaka muku. Ba ƙurar za ta cire ba. Ƙyallin da ke kan ganyen darbejiya da saman ruwa za ta rage, sai launi ya ɗan farfaɗo. A ranar da hazo ya sauko sosai, rana ta zama kamar faranti, ku cire ta ku sa a aljihu. Ba abin da za ta tsinana sai cin haske, domin takan cinye mataki ɗaya zuwa biyu, wato rabi zuwa kashi uku cikin huɗu na hasken da ke shiga. Sai kyamara ta rage gudun shata, doki ya zabura, hoto ya yi rawa. Wannan ya shafe ku kai tsaye, masu zuwa hawan Sallah: shekarar Musulunci tana gaza ta Turawa da kimanin kwana 11, saboda haka ƙaramar Sallah tana ta matsowa cikin hunturu, kuma shekaru masu zuwa ƙurar kofato da ƙurar Bodele za su haɗu muku a fili ɗaya.

Akwai wani abu da littattafan Turawa ba za su gaya muku ba game da wannan filta. Su ƙyalli aibi ne a wurinsu, mu kuwa sau da yawa ado ne. Mutum ya kashe kuɗi ya sayi shadda, ya kai ta an buga, ko ya naɗa rawani ɗan Kura mai sheƙi, ya zo gabanku. In kun juya folaraiza har ƙarshe, za ku kashe masa sheƙin nan, rigar ta fito kamar an wanke ta sau goma. Ba zai san sunan abin da kuka yi ba, amma zai san hoton bai yi masa ba, kuma ba zai dawo ba. Ku juya a hankali, idonku a kan rigar, ku tsaya inda ya dace. Haka nan kada ku ɗaura ta a lens mai faɗi sosai kuna ɗaukar sama, domin gefe ɗaya zai yi duhu, ɗaya ya yi haske, kamar an zubar da shuni.

Filtoci masu launi, rawaya da ruwan lemo da ja, na masu hoton baƙi da fari ne. Ja ta fi kowace cin shuɗi. Wani mai hoto, Ansel Adams, ya nuna haka a 1927, lokacin da ya ɗauki dutsen Half Dome a Yosemite ta ƙasar Amurka: ya fara da rawaya, ya ga ba za ta ba shi abin da ke ransa ba, sai ya sa ja mai duhu a farantin hotonsa na ƙarshe, sama ta fito kusan baƙa. Abin lura shi ne ya riga ya ga hoton a zuciyarsa kafin ya zaɓi gilashin. Ku da kuke da kyamarar zamani ba lalle ku sayi waɗannan ba. In kun ɗauka a tsarin RAW, kuna iya yin kusan haka a kwamfuta. Akwai kuma ta hasken da ke bayan ja, irin Hoya R72, wadda ke ratsa hayaƙi da siririn hazo fiye da kowace, amma tana mayar da ganye fari, tana bukatar a kafe kyamara a kan ƙafa uku, kuma hazon ruwa mai kauri ya fi ƙarfinta. Ta masu sha'awa ce, ba ta mai neman abinci ba. Filta mai rabin duhu rabin haske tana da amfani in sama ta fi ƙasa haske nesa ba kusa ba, amma ku bar ta sai kun ƙware.

Kafin ku biya kuɗin kowace, ku duba gaban lens ɗinku. Akwai lamba kusa da wata alama mai kama da sifiri da aka ja wa layi: 52, 58, 67 ko 77. Faɗin bakinsa ke nan da milimita. In kuna da lens fiye da ɗaya, ku sayi filta ɗaya mai kyau daidai da mafi girma, sannan ku sayi zoben haɗi mai sauƙin kuɗi don ƙananan. Kada kuma ku jera filta a kan filta. Kowane gilashi da aka ƙara yana rage kaifin hoto.

To in gilashi ba zai kore ƙura ba, me zai taimaka? Ƙafafunku. Hazo yana taruwa ne da nisa: gwargwadon yawan iskar da ke tsakaninku da abin da kuke ɗauka, gwargwadon farin da zai lulluɓe shi. Mai tsayawa nesa yana jawowa da dogon lens bai rage iskar ba, ya dai ƙara girman hazon ne. Ku matsa kusa. Sannan ku lura da inda rana take. Manyan ƙwayoyi sun fi tura haske gaba, shi ya sa in kun fuskanci rana sai hazon ya yi ta walƙiya ya rufe komai, in kuma kun juya mata baya sai ku ga ya yi sauƙi, alhali iskar ɗaya ce. Malafar nan ta roba da ke zuwa tare da lens, wadda da yawanku ke bari a kwali, ku ɗaura ta. Tana tare hasken gefe, kuma ba ta cin ko kwabo. Filashi kuwa ku kashe shi. Duk direban da ya bi hanyar Zariya cikin hazo ya san in ya ɗaga fitila, farin bango kawai zai gani. Haka filashi yake yi, har ya bar muku fararen ɗigo a hoto.

Ku sani kuma kyamara tana ruɗewa da fari. An gina ma'auninta ne ya mayar da komai matsakaici, don haka in ta ga hazo sai ta rage haske, hoton ya fito da datti. Ku ƙara mata kusan mataki ɗaya, ku duba. In ta kasa kama kaifi tana ta kai-komo, ku nuna mata gefen wani abu mai duhu, ko ku saita da hannu.

Masu zuwa Gembu ko gonakin shayi na Kakara, ko masu fita da asuba a Jos, abokin gabarku ruwa ne, ba ƙura ba. Raɓa za ta kwanta a kan filta ba ku sani ba, ku ci gaba da ɗauka, sai kun koma gida ku tarar rabin aikin ya dushe. Ku riƙa dubawa, ku riƙe ƙyalle mai taushi a busasshen aljihu. Da kun dawo kada ku kulle jiƙaƙƙiyar kyamara a jaka, domin funfuna tana tsira a cikin lens kuma tana cin shafensa. 'Yan ƙullin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi, masu shan laima, ku tara su ku zuba a jakar.

Tsafta ita ce rabin wannan magana. Da hunturu kowa yana shafa basilin saboda kaushi, kuma yatsa ɗaya mai maiƙo ya isa ya dusashe hoton yini guda. Masu hoton da can da gangan suke shafa shi a kan filta in suna son fuska ta yi laushi. Ku kuna yi ba da niyya ba. Masu ɗauka da waya, rabin hazon da kuke kuka da shi a kan idon wayar yake. Ku fara hure ƙura da famfon roba, sannan buroshi mai laushi, sannan ƙyalle. Kada ku canza lens a fili iska tana kaɗawa. Ku shiga mota ko zaure. Ku kuma sa takunkumi, domin ƙurar da kuke kare gilashi daga gare ta tana shiga ƙirjinku, kuma ƙirji ba a sayar da shi a kasuwa.

Na san wasunku za su ce ai akwai kwamfuta. Gaskiya ne, tun 2015 kamfanin Adobe ya sa wani maɓalli a Lightroom na rage hazo, kuma yana aiki daidai gwargwado. Amma ba ya dawo da abin da sensa ba ta gani ba. In kun ja shi da yawa, fatar mutum za ta yi dauɗa, sama ta yi tabo, gefen gini ya yi baƙi. Kuma akwai abin da ya fi wannan damuna. Hoto amana ne. Idan ranar hazo ce, wanda zai kalli hotonku bayan shekara 50 yana da haƙƙin ya san ranar hazo ce. Ina jin takaici in na ga yaro ya ɗauki hasumiyar Gobarau ko ta Agadas a watan Janairu, ya liƙa mata shuɗiyar samar wata ƙasa. Ya ɓoye garinsa ne don ya yi kama da na wasu.

Ni a yanzu hunturu shi ne lokacin da na fi so in fita. Rana ba ta da kaifi, babu inuwa mai duhu a ƙarƙashin ido ko hula, sai ka ɗauki fuskar dattijo da tsakar rana ta fito sumul, abin da da bazara ba ya yiwuwa. Abin da ke bayan mutum ya share da kansa, tarkacen wayoyi da kwanon rufi sun ɓace. Kuka ta kusa baƙa, ta bayanta ruwan toka, ta can nesa kamar za ta narke, hoto ya yi zurfi ba tare da ka yi komai ba. Mai shayi da hayaƙinsa da sassafe, almajirai sun kewaye wuta, Bafulatani da shanunsa suna fitowa daga cikin fari, jan mayafi guda a tsakiyar toka: duk wannan namu ne, kuma 'yan watanni kawai ake ba mu a shekara. Abu ɗaya zan gargaɗe ku: ko da rana ta yi sanyi har ido yana iya kallonta, kada ku leƙa ta ta cikin dogon lens, domin gilashi yana tara zafinta ya zuba a ido.

Saboda haka, ƙannena, in kuɗinku na filta ɗaya ne, ku sayi farar garkuwa mai shafe mai kyau. In ya kai na biyu, ku ƙara folaraiza, ku ba ta wata guda kuna juyawa kuna kallo har hannunku ya san ta. Sauran kuɗin ku yi na mota. Hunturu mai zuwa ku tashi bayan sallar asuba, ku tafi bakin kasuwa ko mashayar shanu kafin rana ta ɗaga, ku matsa kusa da mutane, ku gaishe su, ku nemi izini, ku ɗauka. In kun yi, ku kawo mini in gani. Allah ya yi wa sana'arku albarka.